Tallafin Korona a Gundumar Marathon: An Auna Madara, An Manta da Gidan Mai Tatsa

A ranar 17 ga Satumba, 2020, saura ƙasa da mako bakwai a yi zaɓen shugaban ƙasa, Donald Trump ya sauka a filin jirgin sama na garin Mosinee da ke gundumar Marathon a tsakiyar jihar Wisconsin, ya shaida wa magoya bayansa cewa gwamnatinsa za ta ƙara wa manoman Amurka dala biliyan 13 a matsayin tallafin annobar korona. Washegari Ma'aikatar Noma ta fitar da cikakken bayani, inda ta ce kuɗin zai iya kaiwa biliyan 14. Marathon ita ce gunduma mafi faɗin ƙasa a Wisconsin, tana kuma sahun gaba a yawan gidajen da ke kiwon shanun tatsa, sannan daga ƙasarta ake tono mafi yawan saiwar jinsen da Amurka ke nomawa, saiwar maganin nan da mutanen Sin ke saye da tsada. Saboda haka duk mai son ya san yadda tallafin annoba ya faɗa wa manomin karkara a Amurka, zai yi wuya ya sami wurin dubawa da ya fi wannan gunduma.

Ra'ayina a kan wannan tallafi shi ne ya wajaba a bayar da shi, kuma an kyauta da aka gaggauta, amma ma'aunin da aka raba shi da shi ya karkata, domin an dubi yawan abin da gona ke fitarwa, ba a dubi wanda ke bakin rasa gonarsa ba. Ina ganin wannan kuskure ya cancanci a tsaya a kansa, ko da annobar ta wuce, tun da wata masifar za ta zo, kuma gwamnatoci sun saba ɗauko tsohon ma'auni idan sabon rabo ya taso.

Kafin a zargi rabon, adalci ne a tuna halin da aka shiga. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu da gidajen cin abinci a Wisconsin da sauran jihohi. Kusan kashi 90 cikin 100 na madarar Wisconsin cuku ake yi da ita, jihar kuma ita ke samar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na cukun Amurka baki ɗaya, wanda kaso mai yawa daga cikinsa gidajen abinci da makarantu ne ke saye cikin manyan ƙunshi. Masana'antar da aka gina don ta cika buhunan cuku masu nauyi saboda gidajen abinci ba za ta wayi gari tana ɗaure ƙananan leda na kanti ba. Mai masara yana iya zuba amfaninsa a rumbu ya jira kasuwa ta farfaɗo, amma duk wanda ya taɓa zama kusa da ruga ya san cewa saniyar da ake tatsa ba ta san an rufe kasuwa ba, idan aka ƙi tatsarta hantsarta ta kumbura ta yi ciwo, madarar kuma ba ta kwana uku tana jiran mai saye. A farkon Afrilu ƙungiyoyin da ke kwasar madara suka fara umartar wasu manoma da su zubar da abin da suka tatsa, har babbar ƙungiyar masu madara ta ƙasar, Dairy Farmers of America, ta ƙiyasta cewa ana zubar da galan miliyan 3.7 a kowace rana. Farashin madarar da ake yin cuku da ita, wanda ake aunawa a kan kowane kilo 45, ya faɗo daga kimanin dala 17 a Janairu zuwa dala 12.14 a Mayu. Wannan kuwa ya sami mutanen da tun 2015 suke fama da faɗuwar farashi, a jihar da ta yi asarar gidajen kiwon shanun tatsa 818 a shekarar 2019 kaɗai. Gwamnatin da ta ga haka ta naɗe hannu ba ta da abin faɗa wa jama'arta, kuma ban yarda da masu cewa a bar kasuwa ta yi hukuncinta ba, domin ba kasuwa ce ta rufe makarantu ba, hukuma ce ta rufe su don kare rayuka.

Dokar agajin gaggawa da aka sanya wa hannu a ranar 27 ga Maris, 2020, ta ware wa harkar noma dala biliyan 9.5, ta kuma ƙara biliyan 14 a asusun wata tsohuwar hukumar gwamnati da aka kafa tun 1933 don tallafa wa farashin amfanin gona. Daga nan ne Sakataren Noma na lokacin, Sonny Perdue, ya fito da shirin da aka fi sani da CFAP a ranar 17 ga Afrilu, mai ɗauke da biliyan 16 da za a biya manoma kai tsaye da biliyan 3 na sayen abinci a raba wa mabuƙata cikin kwalaye. An fara karɓar takardun neman tallafin a ranar 26 ga Mayu a ofisoshin ma'aikatar da ke gundumomi.

A nan ne maganar take. Mai shanun tatsa an biya shi kimanin dala 6.20 a kan kowane kilo 45 na madarar da ya tatsa a watanni ukun farko na shekarar. Saniya ɗaya a Wisconsin tana ba da abin da ya kai kilo 2,700 a wata uku, wato idan aka yi lissafi, kowace saniya ta jawo wa mai ita kusan dala 370. Gidan da miji da mata da 'ya'yansu ke tatsar shanu 50, irin gidajen da suka gina ƙauyukan Marathon tun zamanin kakanninsu da suka zo daga Jamus da Polan, zai sami abin da bai kai dala 19,000 ba. An ce an sa iyaka, kada kowa ya karɓi fiye da dala 250,000, kuma a lissafin da ya gabata sai mai shanu kusan 670 ne zai kai wannan iyaka. Sai dai an bar wata ƙofa: idan gonar kamfani ce da ke da masu hannun jari uku, kowannensu kuma ya nuna cewa yana yin aikin sa'a 400 a shekara, ko da aikin na gudanarwa ne daga ofis, to iyakar ta koma dala 750,000. Ma'ana, kamfanin da ke da shanu 2,000 yana iya kwashe tallafin kowace saniya tasa ba tare da iyakar ta taɓa shi ba. Haka nan sharaɗin da ya ce wanda kuɗin shigarsa ya haura dala 900,000 a shekara ba ya cikin rabo, an sassauta shi ga duk wanda kashi 75 cikin 100 na samunsa daga noma yake fitowa, wanda hakan ya buɗe wa manyan gonaki hanya ɗungurungum. A zagaye na biyu, wanda aka sanar a Mosinee, an sake biyan dala 1.20 a kan kowane kilo 45 na madarar Afrilu zuwa Disamba, da sabuwar iyaka irin ta farko.

Sakamakon bai ba kowa mamaki ba. Binciken da kafar labarai ta NBC ta yi a watan Agusta na 2020 a kan kuɗin da aka fara rabawa a faɗin ƙasar ya nuna cewa kashi 1 cikin 100 na waɗanda suka fi samu sun kwashi fiye da kashi 20 na kuɗin, kashi 10 na sama sun kwashi fiye da kashi 60, yayin da kashi 10 na ƙasa suka tashi da kashi 0.26 kacal. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke kira kashin dankali.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Suna cewa wanda ya fi yawan shanu shi ya fi yin asara a lokacin da farashi ya faɗi, cewa mafi yawan madarar da Amurkawa ke sha daga manyan gonaki take fitowa, cewa babbar gona tana ɗauke da ma'aikata masu yawa da bashin banki mai nauyi, kuma cewa a tsakiyar annoba babu lokacin bin gida-gida ana tantance wanda ya fi buƙata, alhali adadin madarar da kowa ya sayar yana rubuce a takardar da masana'anta ke ba shi duk wata. Na yarda da maganar sauri, na kuma yarda cewa rushewar babbar gona tana shafar iyalai da yawa. Inda na saɓa da su shi ne a kan ma'anar asara. Idan farashi ya faɗi na wata uku, kamfanin da ke da shanu 2,000 yana da bankin da zai ɗaga masa ƙafa, yana da kwangilolin da ya ƙulla tun da wuri don kare kansa daga faɗuwar farashi, yana sayen abincin dabbobi da rahusa saboda yawan abin da yake saye, kuma kuɗin da yake kashewa wajen samar da kowace lita bai kai na ƙaramin manomi ba. Asararsa raguwar riba ce, ko giɓin da za a cike baɗi. Mai shanu 50 kuwa, wata ukun nan na iya zama ƙarshen sana'ar gidansu, a kira dillalin gwanjo, a loda shanun a mota, a bar bargar da kakansa ya gina babu komai a ciki sai tsuntsaye. Duka biyun an kira su asara a takardar gwamnati, an kuma auna su da mudu ɗaya, amma ɗaya ana warkewa daga gare ta, ɗayar ba a dawowa. Kuɗin jama'a da aka fitar da sunan gaggawa ya kamata ya fara tare wadda ba a dawowa daga gare ta.

Akwai kuma abin da ya biyo baya wanda ya ƙara nauyin wannan magana. Farashin bai daɗe a ƙasa ba. Sayen cuku da gwamnati ta yi don kwalayen abinci, tare da sake buɗe gidajen abinci, ya ɗaga farashin madarar cuku zuwa dala 24.54 a watan Yuli, ninki biyu na abin da yake a Mayu, ko da yake tsarin lissafin farashi na ƙasar ya hana manoma da yawa ganin ƙarin gaba ɗaya a takardar biyansu. A ƙarshen shekara kuɗin da gwamnatin tarayya ta biya manoman Amurka kai tsaye ya haura dala biliyan 45, kusan ninki biyu na 2019, kuma ribar noma ta ƙasa baki ɗaya ta fi ta shekarar da ta gabaci annobar. To ina rarar ta tafi? Ƙaramin manomi ya biya bashin abincin shanu da na likitan dabbobi, ya gyara tarakta, kuɗin ya ƙare. Wanda ya karɓi dubu ɗari biyar ko fiye, kasuwa kuma ta farfaɗo masa cikin wata biyu, ya sami jarin da zai ƙara barga, ya ƙara shanu, ya taya filin maƙwabcinsa da farashin da matashi mai son fara noma ba zai iya kaiwa ba. Ta haka tallafin da aka ce na ceto ne yake zama ƙarin ƙarfi ga wanda dama shi ke haɗiye na kusa da shi.

Ba zan ce an yi haka da gangan don a kori ƙananan manoma ba, amma ba zan manta da abin da Sonny Perdue ya faɗa a babban baje kolin masu madara na birnin Madison a watan Oktoba na 2019 ba, inda ya ce a Amurka manya ƙara girma suke yi, ƙanana kuma su fita. Maganar ta ɓata wa manoman Wisconsin rai ƙwarai a lokacin. Mutumin da ya ɗauki ficewar ƙananan gonaki tamkar sauyin damina da rani, abin da ba a iya hanawa, ba zai ga aibin ma'aunin da ke hanzarta ficewar ba.

Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa a kan cewa akwai wata hanyar shi ne an gwada ta a jihar nan, a shekarar nan. Gwamna Tony Evers ya ware dala miliyan 50 daga kason da Wisconsin ta samu na dokar agajin, aka raba wa manoma ta hannun hukumar haraji ta jiha, wadda dama tana riƙe da bayanan kuɗin shigar kowa. An ƙayyade cewa babu wanda zai karɓi fiye da dala 3,500, an kuma cire gonakin da cinikinsu ya haura dala miliyan 5 a shekara. Kusan manoma 12,000 ne suka karɓa a zagayen farko cikin 'yan makonni. Shirin yana da nasa aibin, domin da farko ya cire waɗanda cinikinsu bai kai dala 35,000 ba, sai da aka yi ƙorafi aka sauko da shi zuwa 10,000 a zagaye na biyu, kuma dala 3,500 ba ta isa ta ceci gonar da bashi ya ci ba. Duk da haka ya rushe hujjar da ke cewa sauri da daidaito ba sa haɗuwa. Ita kanta Ma'aikatar Noma ta san yadda ake fifita ƙarami idan ta ga dama. A inshorar ribar madara da aka kafa ƙarƙashin dokar noma ta 2018, kilo miliyan 2.3 na farko da gona ke samarwa a shekara, wato madarar shanu kimanin 200, su aka riƙa karewa da araha a lokacin, abin da ya haura nan kuma aka riƙa biyansa da tsada. Da an bi wannan tsani a tallafin annoba, a ninka abin da ake biya a kan shanu 100 ko 200 na farko, a rage a kan na bayansu, a kuma toshe ƙofar masu hannun jari uku, da kuɗin da aka kashe bai ƙaru ba, amma da ya sauka a inda ya fi amfani.

Sannan akwai waɗanda ma'aunin bai gan su ba sam. A Wausau, hedikwatar gundumar, akwai al'ummar Hmong masu yawa, waɗanda suka zo gudun hijira daga Laos bayan yaƙin Biyetnam, kuma da yawansu suna noman kayan lambu a ƙananan filaye suna sayarwa da hannunsu a kasuwar manoma. Zagayen farko na tallafin ya auna asara da farashin sari na ƙasa, wanda ba shi da alaƙa da abin da mai tebur a kasuwa ke samu, ga shi kuma ofisoshin ma'aikatar sun koma aiki ta waya, lamarin da ya fi sauƙi ga wanda ya shekara ashirin yana mu'amala da ofishin, sunansa da lambar gonarsa suna cikin kwamfuta, fiye da dattijuwar da Turanci bai zauna mata ba kuma ba ta taɓa shiga ofishin ba. A zagaye na biyu an gyara wani abu, aka koma biyan irin waɗannan manoma bisa cinikin da suka yi a 2019, kashi 10.6 cikin 100 a kan dala dubu 50 na farko, yana raguwa zuwa kashi 8.8 a kan abin da ya haura miliyan ɗaya. Tazarar ba ta da yawa, amma an amince da ƙa'idar. Da gwamnatin Joe Biden ta zo, Sakataren Noma Tom Vilsack ya sake buɗe karɓar takardu a Afrilun 2021 da niyyar kaiwa ga waɗanda aka tsallake, wanda hakan amincewa ce a hukumance cewa an tsallake wasu.

Ya kamata in yaba abu ɗaya. Duk wannan muhawara ta yiwu ne saboda a Amurka ana iya neman bayanin wanda ya karɓi kuɗin gwamnati, kuma wata ƙungiya mai zaman kanta, Environmental Working Group, ta daɗe tana wallafa sunayen masu karɓar tallafin noma da adadin da suka karɓa, gunduma bayan gunduma. Wasu manoma suna jin haushin haka, suna ganin tonon asiri ne a ƙauyen da kowa ya san kowa, kuma na fahimci nauyin da mutum ke ji idan maƙwabcinsa ya san abin da ya shiga asusunsa. Amma wanda ya karɓi kuɗin jama'a bai kamata ya ƙi jama'a su sani ba, kuma duk wanda ya ga yadda aka fasa rumbunan kayan tallafin korona a wasu jihohin Najeriya a Oktoban 2020 ya san irin zargi da fushin da rabon ɓoye ke haifarwa.

Wanda ya fi damuna a cikin labarin nan shi ne mutumin da ke tashi tun kafin asuba ya shiga ɗakin tatsa. Manyan gonakin madara na Wisconsin sun dogara ne da baƙin ma'aikata, yawancinsu daga Meziko da ƙasashen Amurka ta Tsakiya, kuma da yawansu ba su da takardun zama. Gwamnati ta ayyana aikinsu a cikin ayyukan da ba za a dakatar ba, suka ci gaba da tatsa a lokacin da sauran jama'a ke kulle a gida, wasunsu suna kwana da yawa a ɗaki ɗaya a gidajen da mai gona ya ba su. Dala 1,200 ta agajin korona da gwamnatin tarayya ta aika wa mazauna ƙasar ba ta kai ga wanda ba shi da lambar rajistar ma'aikata ta gwamnati ba. Tallafin gonaki kuwa mai gona aka biya, ba a kuma ɗora masa sharaɗin ƙara albashi, ko biyan wanda ya kwanta ciwo, ko sayen kayan kariya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 2021 aka sanar da wani shiri na bai wa ma'aikatan gona da na mayanka dala 600 sau ɗaya, kuma sai a ƙarshen 2022 aka zaɓi ƙungiyoyin da za su raba. Idan har hujjar bai wa babbar gona dala 750,000 ita ce tana ɗauke da ma'aikata, to abu mafi sauƙi shi ne a rubuta haƙƙin ma'aikatan a cikin takardar da mai gonar ya sa wa hannu kafin ya karɓi kuɗin, kuma ba a rubuta ba.

Gaskiya ne cewa a 2020 yawan gidajen da suka daina tatsa a Wisconsin bai kai rabin na 2019 ba, kuma ina ganin tallafin yana da hannu a wannan sassauci, shi ya sa ban taɓa cewa da ba a bayar ba ya fi. Sai dai sassaucin bai canza alkiblar ba. A 2004 jihar tana da garken shanun tatsa kusan 16,000 masu rajista, a farkon 2020 sun koma kimanin 7,300, a 2024 kuma ba su kai 6,000 ba, alhali yawan shanun bai gusa daga kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da 'yan kai ba. Shanun suna nan, madarar ma ta ƙaru, gidajen ne suka ragu, kuma kowane gida da ya sayar da garkensa a Marathon yana tafiya da yaran da ke cika ajin makarantar ƙauye, da cinikin mai kantin kayan gona, da mutum guda daga cikin 'yan sa-kai masu kashe gobara.